Kasuwar kayan garka da miyar tsofaffi

Jawabi don masu karatun manya na ƙasar Durum. Malami ya karanta shi da ƙarfi tukuna. Sa'an nan ɗalibai su karanta kashi kashi.

 

Zancen yau zancen kasuwa ne. Ba kasuwar shanu ba, ba ta tufafi ba. Kasuwar kayan garka ce: tumatir, albasa, shu, salati, kabewa, tattasai, rogo, dankali da ganyen zogale.

Zancen ya shafi mutum biyu. Na fari mai garka ne. Kayansa suna ruɓewa don rashin mai saye. Na biyu tsoho ne ko tsohuwa. Tuwonsa da miyar kuka tsura yake ci don rashin kuɗi. Su biyun gari ɗaya suke. Wani lokaci ma dangin juna ne. Abin da za a duba yau shi ne yadda za a haɗa su, kowa ya samu.

Ƙasar Durum da arzikinta

Durum, wadda ake rubuta Droum a takardun gwamnati, tana kudu da birnin Damagaram, cikin gundumar Miriya. A 2002 doka ta kafa ƙananan hukumomi a Nijar. Durum ta zama ɗaya daga cikinsu. A 2004 aka zaɓi wakilan jama'a na fari.

Allah ya ba wannan yanki fadamu da kwari. A wurare da yawa ruwa ba shi da zurfi. Shi ya sa ake noman garka da rani, bayan an gama aikin hatsi.

Ga kuma birni kusa. Tun zamanin Sarki Tanimun, wanda ya yi sarauta har 1884, ayarin raƙuma da fatake suna sauka a Damagaram. Birnin ya zama babban birnin ƙasa har 1926, kafin a koma Yamai. A ƙidayar 2012 jihar Damagaram ta fi kowace jiha yawan jama'a. Mutanenta sun haura miliyan 3 da rabi. Duk waɗannan bakuna ne masu ci. Birni ba ya noma abin da yake ci. Ƙauye ne ke ciyar da shi.

Abin da tarihi ya koyar

Dattawa sun san zamanin gyaɗa. A 1962 aka kafa SONARA don sayen gyaɗa. A shekarar kuma aka kafa UNCC don ƙungiyoyin manoma. A lokacin, ana auna gyaɗa, a zuba buhu, a kai ta ƙasashen waje. Kuɗi ya shigo ƙauyuka. Sai farin 1973 ya zo. Sai cutar gyaɗa ta 1975 ta biyo baya. Cinikin ya karye. Wanda ya dogara da gyaɗa kaɗai ya sha wuya.

A 1984 fari ya sake dawowa. Hatsi bai yi ba. Shugaban ƙasa Seyni Kunce ya yi kira ga jama'a su kama noman rani. Aka gina rijiyoyi. Aka yi shinge. Aka koyi shuka irin da ba a saba da shi ba. Garka ta ceci gidaje da yawa.

To, a yi lissafi kaɗan. Wanda yake da shekara 30 a 1984 ya cika shekara 70 a 2024. Ke nan tsofaffin yau su ne samari da matan da suka ja guga a wancan fari. Su suka gina rijiyoyin. Yau waɗansunsu ba su iya sayen kashin tumatir ɗaya. Wannan abin dubawa ne.

Akwai darasi na kusa kuma. Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. A 2023 aka sake rufe iyaka, har cikin 2024. Wanda kasuwarsa ke nesa ya ga yadda hanya ke toshewa rana ɗaya. Kasuwar nesa tana da kyau. Amma kasuwar gida ita ce ba a rufewa da ƙofa.

Damuwar mai garka

Mai garka yana shan wahala. Yana sayen iri. Yana sayen taki. Yana ban ruwa safe da yamma. In yana da injin ban ruwa, yana sayen mai.

Matsalarsa ita ce kowa yana shuka lokaci ɗaya. Kaya kuma suna nuna lokaci ɗaya. Cikin sanyi kasuwa ta cika da tumatir da shu. Farashi ya faɗi. Hatsi yana jira a rumbu, amma tumatir ba ya jira. Kwana kaɗan ya lalace.

Mai saye daga birni ya san haka. Ya zo da mota, ya taya yadda ya ga dama. Mai garka ba shi da zaɓi. Hausawa sun ce, kasuwa a kai miki dole. In ya ƙi sayarwa, ya koma gida da kaya, awaki su ci.

In kuwa ya ɗauka zuwa Damagaram ran Alhamis, akwai kuɗin mota, akwai kuɗin dako, akwai la'adar dillali. Wani lokaci abin da ya rage bai kai wahalar ba.

Damuwar tsoho

A Nijar, waɗanda suka kai shekara 60 ba su kai 5 cikin 100 na jama'a ba. Ba su da yawa. Saboda haka riƙonsu bai fi ƙarfin gari ba.

Tsofaffi da yawa suna cikin ƴaƴansu, ana kula da su. Alhamdu lillahi. Amma ba duka ba. Akwai tsohuwar da mijinta ya rasu, ƴaƴanta mata suna aure a nesa. Akwai tsohon da ƴaƴansa suka tafi ci-rani Nijeriya, ko Agadas, ko Libiya, ko Aljeriya. Wani ya aiko, wani shiru. Akwai wadda aka bar wa jikoki, ita ke ci da su. Akwai makaho. Akwai wanda ƙafa ta hana shi fita.

A ƙauye ba mai albashin ritaya. Ƙarfin mutum shi ne albashinsa. In ƙarfi ya ƙare, sai abin da aka ba shi.

Maƙwabta suna kai tuwo, suna kai hura. Wannan alheri ne. Amma sau da yawa hatsi kaɗai ake bayarwa. Ba a tuna da kayan miya. Ciki ya cika, jiki bai samu abin da yake so ba.

Kuma tsoho yana da kunya. Mutumin da ya ciyar da gida shekara 40 ba zai tsaya gaban yaron da aka haifa a idonsa ya roƙi albasa ba. Ya gwammace ya yi shiru. In an tambaye shi ya ce lafiya lau. Shirunsa ba ƙoshi ba ne.

Me ya sa jikin tsoho ke son kayan garka

Hatsi yana ba da ƙarfi. Wake da gyaɗa da nono da nama suna gina jiki. Ganye da ƴaƴan itace su ne ke tsare jiki daga cuta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya ci giram 400 na ganye da ƴaƴan itace kowace rana. Ya kusa rabin kilo ke nan. Ba kowa ke samun haka ba. Amma kaɗan ya fi babu.

Kabewa, karoti, mangwaro da ganye mai duhun kore suna taimakon ido. Rashin irin abin da ke cikinsu yana kawo dundumi. Zogale da wake suna taimakon jini. Tumatir, lemu da gwaiba suna taimakon dasashi, suna sa rauni ya warke da wuri. Ganye kuma yana sauƙaƙa bayan gida, wanda ke damun tsofaffi da yawa.

Tsoho ba shi da haƙora sosai. A dafa masa da laushi. Kabewa da dankali su nuna lugub. A yanka shu ƙanana. A daka busasshen zogale a zuba cikin miya ko kunu.

A rage gishiri da dunƙulen miya, don hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin yini kada ya kai giram 5, wato kamar ƙaramin cokali ɗaya. Mai ciwon suga ya yi hankali da rake da dabino, ya nemi shawarar likita.

Yadda kasuwa ke girma

Rumfa ba ita ce kasuwa ba. Mutane ne kasuwa. Ana iya gina rumfunan siminti su zauna ba kowa. Kasuwa tana girma in mai saye ya tabbata zai samu kaya, mai sayarwa kuma ya tabbata zai samu mai saye.

Ga abubuwa 7 da gari ke iya yi da kansa.

1. A keɓe wuri ɗaya na kayan garka. Kada su watsu cikin masu dabbobi da masu gawayi. Mai saye ya san inda zai nufa.

2. A yi inuwa. Rana tana kashe salati da tumatir kafin azahar. Rumfar kara ta isa a soma da ita. A dasa itace don gaba.

3. A tanadi ruwa da wurin ba-haya. A ɗora kaya kan tabarma ko tebur, ba a ƙasa ba. A share wuri bayan an tashi.

4. A rarraba shuka. Masu garka su zauna tun kaka. Waɗansu su yi renon iri da wuri, waɗansu su jinkirta sati biyu ko uku. Wannan ya yi shu, wancan ya yi karoti. Ta haka kaya ba za su taru rana ɗaya ba, kasuwa kuma za ta daɗe tana ci.

5. A gyara awo. Tiya ta zama tiya. Kwando kada a sa masu kyau a sama, ruɓaɓɓu a ƙasa. Wanda aka cuta sau ɗaya ba ya dawowa, kuma zai gaya wa goma.

6. A san farashi. A saurari rediyo. A kira ɗan'uwa da ke Damagaram ko Miriya ko Matamaye ta salula kafin a yanke kaya. A rubuta farashi a allo a bakin kasuwa. Wanda ya san farashi ba a taya masa banza.

7. A haɗa kaya. Mutum goma su ɗauki amalanke ɗaya ko mota ɗaya. Su yi magana da baki ɗaya gaban mai saye. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da ya saura kuma kada a zubar. A yanka tumatir a shanya kan tabarma mai tsabta, a yi kauɗa. Ganye kuwa a shanya shi a inuwa, don rana tana rage amfaninsa.

A lura da maganin ƙwari. A karanta takardar da ke jikin kwalba. A jira kwanakin da aka faɗa kafin a tsinki kaya. Wannan ma amfanin karatu ne.

Irin wannan zama ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Shirin ProDAF, wanda aka soma a 2015 a jihohin Maraɗi, Tawa da Damagaram, ya yi aikin kasuwannin amfanin gona da hanyoyin karkara. Kafin a yi gini, ana tara manoma, ƴan kasuwa, masu mota da hukuma su tattauna. Sunan wannan zama Haɗin Gwiwa. Ƙaramin gari ma yana iya yin nasa, ƙarƙashin itace, ba da kuɗin kowa ba.

Yadda waɗansu suka yi

Yanzu a koma ga tsofaffi. Ba Durum kaɗai ke da wannan damuwa ba. Har ƙasashe masu arziki suna da ita.

A Amurka, a 2001, gwamnati ta soma wani shiri. Ana ba masu shekara 60 zuwa sama waɗanda ba su da hali wata ƴar takarda. Da ita suke sayen ganye da ƴaƴan itace a kasuwar manoma. Ban da zuma, takardar ba ta sayen wani abu dabam. Manomi ya karɓa, ya kai a ba shi kuɗinsa. Abin da ake ba mutum ɗaya ba shi da yawa. Amma tsoho ya samu abinci, manomi ya samu ciniki.

A Barazil, a 2003, gwamnati ta soma sayen abinci wurin ƙananan manoma tana ba mabukata. A 2012 aka gwada irin wannan a jihar Maraɗi, don abincin ƴan makaranta.

A Nijar, OPVN, wadda aka kafa a 1970, ita ke ajiyar cimakar ƙasa. Daga rumbunanta ake fitar da hatsin da ake sayarwa da rahusa in shekara ta yi wuya. A 2011 kuma aka soma shirin tallafa wa gidaje marasa ƙarfi. An riƙa ba mace jikka 10 kowane wata, har wata 24. Jihar Damagaram tana cikin inda aka yi shi.

Waɗannan duk taimako ne. Amma ba su kai ga kowane gida ba. Kuma yawancinsu zancen hatsi ne. Zancen miya ya rage ga mutanen gari.

Shawara: takardar miya

Ga shawara. Ba doka ba ce. Kowane gari ya duba, ya gyara yadda ya dace da shi.

A kafa asusu ƙarami. A sa masa suna asusun miyar tsofaffi. Kowace ranar kasuwa a ba tsohon da aka zaɓa takarda ɗaya. A rubuta sunansa, da lamba, da kwanan wata, da kuɗin da take ci. Ya shiga kasuwa ya zaɓi abin da yake so. Ya taya, a sallama masa, kamar kowa. Ya miƙa takarda. Da la'asar mai garka ya kai takardun wurin ma'aji, a biya shi nan take.

Wani zai ce, me ya sa ba za a ba shi kuɗin a hannu ba? Amsa ita ce, kowa ya san halin kaka. In aka ba tsohuwa dala 50, jikanta ya yi kuka, ta ba shi. Ko ta kai gudunmawar biki. Ko ta biya bashi. Miya ta zauna yadda take. Takarda kuwa kayan miya kaɗai take saye.

Wani kuma zai ce, me ya sa ba za a tara ragowar kaya a raba ba? Amsa ita ce, ragowa ragowa ce. Abin da aka ƙi saye shi ake bayarwa. Kuma wanda aka ba ba shi da bakin magana. Mai takarda kuwa mai saye ne. In kaya ba su yi masa ba, ya wuce gaba. Mutuncinsa yana hannunsa.

Daga ina kuɗin zai fito

Nan ne gaskiya take. In masu garka kaɗai suka zuba kuɗi, sa'an nan kuɗin ya dawo musu, ba su ƙaru da kome ba. Sun yi sadaka, suna da lada. Amma kasuwa ba ta girma ba. Dole kuɗin ya shigo daga wani wuri. Ga ƙofofi 5.

Ta fari, ƴan ci-rani da ƴan gari mazauna birni. Da yawa suna so su taimaka. Abin da ke hana su shi ne rashin sanin inda kuɗin zai shiga.

Ta biyu, ƴan kasuwa da masu hali na gari, ta hanyar sadaka. Zancen zakka kuwa, a tambayi liman yadda za a yi.

Ta uku, ƙungiyoyin mata. Tsarin Mata Masu Dubara ya soma a jihar Maraɗi a 1991, ya bazu ƙasa duka, har ya ƙetare iyaka. Matan nan sun iya zubi, sun iya riƙon akwati. Su ne kuma suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba.

Ta huɗu, ƙaramar hukuma. Tana karɓar kuɗin kasuwa. Jama'a suna iya kai buƙata gare ta, cikin ladabi, a rubuce, a ga abin da za a iya warewa.

Ta biyar, masu garka su kansu. Nasu ba kuɗi ba ne. Nasu gyara ce. Kowa ya san gyara. In tsoho ya miƙa takarda, a ƙara masa albasa biyu ko ɗaurin zogale. Manomin hatsi yana fitar da dami ɗaya cikin goma. Malaman Malikiyya sun ce ba zakka ta dole a kan ganye da tumatir. Amma ƙofar sadaka a buɗe take.

Misalin lissafi

Wannan misali ne kawai, don a koyi lissafi.

A ce ƴan ci-rani 30 sun yarda. Kowa zai aiko da dala 100 a wata. An samu dala 3000. Jikka 15 ke nan.

A ce takarda ɗaya tana cin dala 50. A wata akwai ranar kasuwa 4. Tsoho ɗaya yana bukatar dala 200 a wata, wato jikka 1.

Ke nan jikka 15 ta isa tsofaffi 15. A wata 6, jikka 90 ta shiga hannun masu garka na gari. Kuɗin da ba ya shigowa da can. Kuma ciniki ne tabbatacce. Mai garka ya san kowane sati akwai mutum 15 da za su zo. Da yayyafi kogi kan cika.

Inda abin ke lalacewa

Abubuwa masu kyau da yawa sun mutu a ƙauyuka. Bankin cimaka nawa aka buɗe da murna, aka rufe da rigima? Ba fari ne ya kashe su duka ba. Rashin amana da rashin rubutu sun kashe da yawa. Saboda haka a kiyaye waɗannan.

Son kai. Kada mai rubutu ya cika takarda da danginsa. A zaɓi tsofaffi gaban maigari, da liman, da wakilan mata, da wakilan masu garka. A soma da wanda ba shi da kowa, da wanda ba ya iya fita, da mai riƙon marayu.

Tonon asiri. Kada a kira sunayen a tsakiyar kasuwa. Kada a jera tsofaffi a rana don baƙi su gani. A kai wa kowa takardarsa gida.

Jinkirin biya. In mai garka ya kai takarda aka ce ya dawo jibi, gobe ba zai karɓa ba. Kada a fitar da takardar da babu kuɗinta a akwati.

Hannu ɗaya. Mai rubutu dabam, mai akwati dabam. Akwati ya zama da kwaɗo 3, mabuɗai wurin mutum 3. Kowane wata a karanta lissafi gaban jama'a: nawa ya shiga, nawa ya fita, nawa ya rage. A aika wa ƴan ci-rani ta salula.

Siyasa. Miya ba ta da jam'iyya. Duk wanda ya kawo taimako a karɓa, a yi godiya. Amma ba a tambayar tsoho wa ya zaɓa.

Mugun kaya. Mai garkar da ya ba tsohuwa ruɓaɓɓen tumatir don idonta ba ya gani, a ja masa kunne. In ya sake, a daina karɓar takarda daga hannunsa.

Wanda ba ya iya zuwa kasuwa, ya faɗi sunan wanda ya amince da shi, jika ko maƙwabciya. A rubuta sunan a littafi.

A tuna kuma da damina. Lokacin ne garka ke tashi, rumbu kuma ya yi ƙasa. A lokacin takarda ta sayi wake, kauɗa, busasshiyar kuɓewa, yakuwa da zogale.

Tsoho ba mai karɓa kaɗai ba ne

Tsofaffi da yawa suna da abin sayarwa. Wata tana yin daddawa. Wata tana yin ƙuli-ƙuli. Wata tana saƙa faifai. Wani yana tufka igiya, wani yana saƙa kwando. Masu garka suna bukatar igiya da kwando. A saya wurinsu.

A ba su wuri mai inuwa kusa da bakin kasuwa. A roƙi hukuma ta yafe musu kuɗin kasuwa. A sa dattijo ko dattijuwa cikin masu sasanta rigimar awo, don ana jin maganarsu. A tambaye su zancen iri da zancen ƙasa. Sun ga fari, sun ga damina mai kyau. Da tsohuwar zuma ake magani.

Aikin masu karatu

A 1963 aka soma karatun manya a Nijar. Tun lokacin ana cewa karatu don aiki ne, ba don ado ba. Ga aikin ya zo.

Wa zai rubuta sunaye? Mai karatu. Wa zai rubuta takardun miya? Mai karatu. Wa zai rubuta farashi a allo? Wa zai riƙe littafin asusu? Wa zai rubuta wa hukuma takarda? Duk mai karatu ne. Ba sai an jira wani ya zo daga birni ba. Littafi ɗaya da alƙalami ɗaya sun isa.

Kada a soma da yawa. A soma da tsofaffi 5, a unguwa ɗaya, rani ɗaya. In ya yi kyau, maƙwabta za su gani su zo tambaya. Gani ya kori ji.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa 1 ga Oktoba ta zama ranar tsofaffi. Ta faɗo daidai kaka, lokacin da ake shirin garka. Rana ce mai kyau da za a zauna a yanke shawara.

Jama'a, saurayin da ke ban ruwa yau, in Allah ya ba shi rai, shi ne tsohon gobe. Abin da ya kafa yanzu shi zai tarar.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Tsofaffi nawa ne a unguwar nan ba su da mai kula da su? Kowa ya ƙidaya a zuciyarsa, ban da kiran suna.

2. Wane kaya ne ya fi lalacewa a garka bara? A wane wata?

3. Cikin abubuwa 7 na gyaran kasuwa, wane ne za a iya somawa wannan sati?

4. In takarda tana cin dala 40, ana kasuwa sau 4 a wata, nawa tsofaffi 10 ke bukata a wata? A ba da amsa da dala, sa'an nan da jikka.

5. Su wa gari ya amince da su su riƙe mabuɗai 3?

Malami ya rubuta amsoshin. Ya aiko wa jarida, don sauran garuruwa su ji.

Allah ya ba da damina mai albarka da rani mai albarka. Allah ya ja kwanan iyaye, ya ba su lafiya.